Waiwaye: ƙusoshin kan titi da masu keke, abin ba yau ya fara ba

Muhawarar nan da ake ta tafkawa a guruf-guruf ɗinmu na 'yan Arewa mazauna Legas, daga Agege har Idi-Araba, kan yawan facin da yaranmu masu kai saƙo a keke suke yi, wasu sun ce da gangan ake watsa ƙusa, wasu sun ce tarkacen gini ne kawai, sai ka ji ana maganar kamar jiya aka fara. Ba haka ba ne 'yan uwa.

Tun 1905 aka watsa wa 'yan tseren keke na Tour de France ƙusoshi a hanya, aka sake a 2012 a kudancin Faransa, tayoyi wajen 30 suka yi faci. A Melbourne ta Ostireliya ma daga 2014 an shafe shekaru ana zuba ƙananan ƙusoshi a titin Yarra Boulevard, sai da maganaɗisu ake bi ana tsincewa.

Inda lamarin ya juya, wanda ban ji kowa na ambata ba, shi ne lokacin da masu keke suka fara naɗar tafiyarsu a waya. Manhajar Strava ta fito 2009, a 2014 ta buɗe Strava Metro mai tattara tafiye-tafiyen jama'a ba tare da suna ba, a 2020 ta mayar da shi kyauta ga masu tsara birane. Da can in tayarka ta yi faci sai ka ce tsautsayi ne, ka tura keke wajen mai faci ka biya, shi kenan magana ta mutu. Yanzu kuwa GPS na rubuta inda kake da saurinka kusan kowace daƙiƙa, to in mutum ɗaya ya tsaya cak a tsakiyar hanya ba komai ba ne, amma in aka jera tafiyar mutane da yawa aka ga duk a wuri ɗaya suke tsayawa, kuma da sassafe, kuma wanda ya wuce da daddare lafiya ya wuce, ai ka san tsakanin ƙarfe nawa da ƙarfe nawa aka zuba abin. Daga nan ne ake sanin wace kyamara za a duba, wane mai gadi za a tambaya. Taswirar da ake haɗawa daga waɗannan tafiye-tafiyen ba ta kama mai zuba ƙusar fa, taƙaita wurin nema take yi. Kuma ba wasa ba ce, a 2018 irinta ta fallasa sansanonin soja.

Abin da ke ci min rai, wa ke kan taswirar? Galibi masu motsa jiki na Ikoyi da Lekki ne ranar Asabar. Namu kuwa, da aka taƙaita acaɓa a 2020 da 2022 sannan fetur ya yi tsada a 2023, wasu suka koma keke don neman na tuwo, data da cajin waya ma lissafi suke masu, ba mai naɗar komai. Shi ya sa zargi ke faɗawa kan masu faci ba hujja, alhali su ma talakawa ne irinmu. Ko a guruf ne, duk wanda ya yi faci ya tura lokeshan da lokaci da hoton ƙusar, shugabannin unguwa su samu abin riƙewa a hannu in za su kai ƙorafi.