Matsalar launi wajen gyaran hotunan dijital

Matsalar launi ita ce saɓanin da ake samu tsakanin launin da mai gyaran hoto yake gani a allon kwamfutarsa da wanda yake bayyana a wata na'ura, ko a kan takarda bayan an buga. Masu ɗakin hoto da masu buga katin biki da fosta a Sakkwato sun san ta sarai: hoton amarya cikin leshi ja zur a kwamfuta, a waya ya koma ruwan goro, da aka buga kuma ya fito kalar jinin kare. Galibi hoton ba shi da laifi. Laifin yana ga allo, ko ga bayanin launin da ke cikin fayil, ko ga hanyar bugu, kuma wanda ya yi garajen ƙara wa hoto launi kafin ya gano inda gizo yake saƙa, ɓata shi yake yi.

Asalin matsalar

Hoton dijital tarin ɗigo ne, kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku: ta ja, ta kore, ta shuɗi. A hoto na yau da kullum kowace lamba tana kamawa daga 0 zuwa 255, abin da ke ba da launi 16,777,216. Sai dai lambar kaɗai ba ta faɗin wane irin ja ake nufi. Kamar mudu ne: sunan ɗaya, amma na wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Don a daidaita awon aka fito da ma'aunan launi. Kamfanonin HP da Microsoft sun fitar da sRGB a 1996, kuma har yau da shi intanet da yawancin alluna suke aiki. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman a ɓangaren kore. Akwai kuma Display P3 da na'urorin Apple suke amfani da shi.

Kowane fayil yana iya ɗaukar ɗan bayani da ake kira furofayil, mai nuna ma'aunin da aka auna shi da shi. Ƙungiyar ICC ta kamfanoni masu daidaita launi, wadda aka kafa a 1993, ita ta tsara wannan.

Hoton da ya koɗe bayan an fitar da shi

Wannan ce ta fi yawa. Kyamara tana kan Adobe RGB, an gyara hoto a Photoshop ya yi kyau, da aka fitar da shi aka buɗe a wata manhaja sai ya zama kamar atamfar da ta sha rana. Abin da ya faru shi ne furofayil ya faɗi a hanya, ko manhajar ba ta karanta shi, sai ta ɗauki lambobin a matsayin na sRGB. Maganin shi ne a juya hoton zuwa sRGB kafin a fitar, a kuma bar furofayil ɗin a cikin fayil.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe, domin Photoshop yana da umarni biyu masu kama da juna. Assign Profile yana barin lambobin yadda suke, ya sauya musu fassara, don haka launi yana canzawa a ido. Convert to Profile yana sauya lambobin don launin ya tsaya yadda yake. Na biyun ake so idan za a aika hoto. Na farkon amfaninsa ga hoton da ya zo ba furofayil, ake son a gaya wa manhaja ma'auninsa na asali. Baduku mai tallan takalmi ko jakar jar fata ta intanet, wannan kuskure kaɗai ya isa ya sa mai saye ya ce ba abin da ya gani aka kawo masa ba.

Laifin allo

Gwajin yana da sauƙi: a buɗe farin shafi. In shi ma ya rine, laifin allo ne, a bar hoton ya huta. Abu na farko da za a duba shi ne tsarin hasken dare na Windows da na wayoyi, wanda ke rage shuɗi don hutar da ido, ya mayar da komai ɗorawa-ɗorawa. Na biyu kebul. Tsohon kebul ɗin VGA, mai shuɗin kai da haƙora 15, yana kai kowane launi ta haƙorinsa: na ɗaya ja, na biyu kore, na uku shuɗi. In na kore ya lanƙwashe ko ya cika da ƙurar hunturu, allo ya koma ruwan hoda. In na shuɗi ne, ya koma rawaya. Da kebul ɗin HDMI kuwa, wani lokaci kwamfuta takan ɗauki allon a matsayin talabijin, ta taƙaita lambobin tsakanin 16 da 235, sai baƙi ya zama toka-toka. Ana gyara wannan a saitin katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai aika hoto zuwa allo.

Da yawa daga cikin ƙananan kwamfutocin hannu masu araha wani nau'in allo ne da su mai suna TN, wanda launinsa ke sauyawa da zarar mutum ya ɗaga kai ko ya sunkuya. Allon IPS ya fi dacewa da wannan aiki. Masu sana'ar da suka yi ƙarfi sukan sayi na'urar awon launi, irin su Spyder, a rataya ta a fuskar allo ta auna ta rubuta masa furofayil. Abin da aka saba saitawa shi ne fari a kan 6500K, wato fari irin na hasken rana, gamma kuma, wato awon yadda haske ke tashi daga baƙi zuwa fari, a kan 2.2.

Daga allo zuwa takarda

Allo da haske yake haɗa launi, firinta kuwa da tawada huɗu: shuɗi mai haske, jan garura, rawaya da baƙi, wato CMYK. Akwai launukan da tawada ba ta iya kaiwa gare su ko kusa. Shuɗi mai ƙarfi shi ya fi cin amana, yakan fito da ɗan shunayya, kore mai walƙiya kuma ya mutu. Wanda zai buga hoton dogaran fadar Sarkin Musulmi cikin ja da korensu na hawan salla, gara ya kunna gwajin bugu na manhaja tun yana gyara, ya ga abin da takarda za ta iya ɗauka. Haka mai aiki da CorelDRAW, ya tambayi mai injin bugu ko RGB, wato launin allo, yake so ko CMYK kafin ya kai masa aiki.

Kukan "hoton ya yi duhu" kusan kullum daga hasken allo ne. Shagon da ƙofarsa ke buɗe ga ranar Sakkwato dole a ƙure hasken allo kafin a ga komai, sai hoto ya zama kamar ya wadatu da haske alhali bai wadatu ba. Aikin da za a buga, ana son hasken allo tsakanin kandela 80 zuwa 120 a murabba'in mita (kandela ma'aunin ƙarfin haske ne), a ɗaki mai labule. Kafin a buga babbar bana ta talla, a yanko ɓangaren fuska da tufafi a buga a ƙaramar takarda, a duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai launi ba.

Waya da hanyar aikawa

Wayoyi da dama suna zuwa da saitin da ke ƙara wa launi armashi, shi ya sa mai hoto yakan ce na wayarsa ya fi kyau. WhatsApp kuma yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, sararin sama ko farin bango su fito layi-layi. In aka tura shi a matsayin fayil, yana isa yadda yake. Haka JPEG: duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, wani abu yana zubewa. Shi ya sa ake ajiye aikin asali a fayil irin PSD ko TIFF, waɗanda ba sa zubar da komai, a fitar da JPEG sau ɗaya idan an gama.