Me ake nufi da "girkawa daga tushe", kuma me ya haɗa ta da ƙarin RAM?

Mutum ya sayo laftof sabuwa dal, ko ledar da ke jikin allonta bai gama ɓarewa ba, sai wani da ya san kan kwamfuta ya ce masa: "Kafin ka zuba komai a ciki, ka ƙara mata RAM, sannan ka yi mata kilin instol." Wanda bai saba ba sai ya yi sororo. Na'urar da ko mako ba ta yi a hannu ba, me ya ɓaci a cikinta da har za a goge?

Kilin instol, wanda ni na fi son in kira shi girkawa daga tushe, shi ne a share babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Windows ce ko Linux, tare da duk abin da ke zaune a ma'adanar, sannan a ɗora sabuwa a kan fili fetal. Masu gyara sukan ce "a yi mata fomat", amma fomat rabin aikin ne. Shi ne rushe tsohon gini da kwashe ɓaraguzai, girkawar ita ce sabon ginin. Abin ya bambanta da sabuntawa, inda ake ɗora sabon Windows a kan tsoho, fayiloli da manhajoji su tsaya inda suke, masu amfani da marasa amfani. Akwai kuma na uku da ya fi rikita mutane, wato zaɓin da ke cikin saitin Windows na mayar da kwamfuta yadda ta fito daga masana'anta. Wannan yana da sauƙi, sai dai sau da yawa yakan dawo maka da tarkacen kamfanin da kake gudu, tunda da su ta fito.

Tarkacen nan su ne asalin maganar. Windows ɗin da ke cikin sabuwar laftof ba shi ne zallar wanda Microsoft ya fitar ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar yakan cusa nasa kayan: manhajar kashe bairos ta gwaji wadda bayan ɗan lokaci za ta fara damunka da neman kuɗi, wasanni, tallace-tallace, da wasu ƙananan manhajoji da ke tashi tare da kwamfutar duk lokacin da aka kunna ta, su laɓe a baya suna cin RAM da batir. Wasu ana biyan kamfanin ne don ya saka su. Yawanci takura ce kawai, amma an taɓa ganin abin ya wuce nan. A farkon 2015 aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun fito da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda take kutsa kai tsakanin mai kwamfuta da shafukan intanet masu tsaro, irin na banki, ta hanyar da ta buɗe wa masu kutse ƙofa. Mutanen da abin ya shafa ba su sauke komai ba, a kwali suka sayo matsalar.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kowace sabuwar laftof sai an goge ta. Akwai waɗanda ke zuwa da sauƙin kaya, musamman waɗanda aka yi don ma'aikatu. In manhajoji uku ko huɗu ne ke damunka, cire su ɗaya bayan ɗaya, ka bar kaza cikin gashinta. Abin da na tsaya a kai shi ne lokaci: in za a yi, a yi a kwanakin farko, kafin hotuna da takardu da kalmomin sirri su taru. A ranar farko ba ka da abin asara.

To ina RAM ta shigo? A nan ma kalma ce ke kawo ruɗani. Mukan ce "memori" ga abu biyu, kuma dukansu da gigabait ake auna su. Akwai ma'adana, wato SSD ko tsohon faifai mai juyawa, inda fayiloli ke kwana ko an kashe wuta. Akwai kuma RAM, inda kwamfuta ke baje abin da take aiki a kai a wannan lokacin, da zarar an kashe ta sai wurin ya koma wayam. Ka ɗauki tela: ma'adana ita ce kabad ɗin da yadduka ke jibge, RAM kuwa teburin yanka. In teburin ƙarami ne, sai ya riƙa naɗe wannan yadin ya mayar kabad kafin ya shimfiɗa wancan, rabin ranarsa ta tafi a kai-komo. Haka kwamfuta ke yi idan RAM ta cika, sai ta ari wani sashe na ma'adana tana juye kaya a ciki, kuma ko SSD mai sauri ba ta kama ƙafar RAM ba. Nan ne za ka ga ka danna shafi a burauza ya tsaya yana tunani.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, mafi ƙarancin abin da take nema shi ne RAM mai gigabait 4 da ma'adana mai 64. Wannan na a samu ta tashi ne kawai. Gigabait 8 na ɗaukar rubutu da bincike a intanet, amma wanda ke buɗe shafuka ashirin yana kuma taron bidiyo zai ji bambancin 16 tun a ranar farko. Girkawa daga tushe tana kwashe tarkace daga kan teburin ne, ƙarin RAM kuma yana faɗaɗa teburin. Magani biyu ne na ciwo biyu, shi ya sa yake ba ni takaici in ga an goge wa mutum kwamfuta sau uku a shekara alhali abin da ke damunta ƙarancin RAM ne.

Kafin ka sayi ko guda, tabbatar laftof ɗin tana karɓar ƙari. Da yawa daga cikin siraran na yanzu an narka RAM ɗinsu a jikin babban allon lantarkin, ba ta cirewa, ba ta ƙaruwa. Kwamfutocin Apple masu guntun M1 (guntu shi ne ƙwaƙwalwar na'urar), da suka fara fitowa a 2020, da waɗanda suka biyo bayansu, haka suke: abin da ka saya da shi za ka zauna. Wasu kuma rabi da rabi ne, ɗaya a narke, gurbi ɗaya a buɗe. In ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a sashen da ke nuna memori za ka ga yawanta, saurinta, da gurabe nawa aka cika. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, yakan ƙirga guraben da babu su a zahiri. Littafin na'urar a shafin kamfanin shi ne mai yanke hukunci, shi zai faɗa maka iyakar abin da take ɗauka.

Sai nau'i. RAM ɗin laftof gajeriya ce, ana kiranta SO-DIMM, ba irin doguwar ta kwamfutar tebur ba. Nau'in DDR4 yana da haƙora 260, sabon nau'in DDR5 yana da 262, kuma tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba, don haka wannan ba ta shiga gurbin waccan. In ta ƙi shiga, kada ka matsa, garin neman gira kada a rasa ido. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin kwamfutar na iya magana da su ta hanya biyu a lokaci guda, kuma an fi jin amfanin haka a laftof ɗin da ba ta da katin hoto na daban. In saurinsu ya bambanta, za su tafi ne a takun wadda ta fi jinkiri.

Sakawar kanta ba ta kai minti goma ba in murfin baya na kuncewa da sauƙi. A kashe na'urar ɗif, a zare caja, a cire igiyar batir daga allon in ana iya kai mata. Ka taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin da ke jikinka, ka riƙe RAM ɗin ta gefe-gefe ba ta haƙora ba, ka zura ta a karkace, sannan ka danna ta ƙasa har ƙarafunan gefe biyu su ce ƙas. In ba ka ji wannan ƙarar ba, ba ta zauna ba. Masu DDR5 su ƙara haƙuri: kunnawar farko allo na iya zama baƙi ƙirin na minti ɗaya ko fiye, na'urar tana gwada sabuwar RAM ɗin ne. A kuma duba sharuɗɗan garanti tukuna, kamfanoni sun bambanta kan batun buɗe murfi.

RAM ake fara sakawa, a gwada ta, sannan a goge. Dalili kuwa, in sabuwar tana da lahani, gara ka gano tun tsohon Windows na nan yana aiki. In ka haɗa biyun a zama ɗaya kwamfuta ta fara faɗuwa, ba za ka san wanda za ka zarga ba, kuma RAM mai lahani na iya ɓata fayilolin girkawar tun suna sauka. Windows na da manhajar gwajin memori a cikinta, akwai kuma MemTest86 ga mai son ya bar gwajin ya kwana yana yi.

Girkawar tana buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 8, wanda za a share duk abin da ke kansa. Daga shafin Microsoft ake sauke manhajar haɗa shi kyauta, wasu kuma sun fi son wata manhajar mai suna Rufus. Don Allah a guji Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima ya watsa a intanet, ka gudu daga tarkacen da ka sani ne ka faɗa wanda ba ka sani ba. Batun lasisi kada ya tayar maka da hankali. Tun zamanin Windows 8, a 2012, lambar lasisin tana zaune ne a cikin allon na'urar, da ka hau intanet za ta kunna kanta, ta ba ka nau'in da ka saya. Abin da ya fi cancanci kulawa shi ne makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle ma'adana, mai lambobi 48. Laftof da yawa na zuwa da ma'adanarsu a kulle da shi ba tare da mai ita ya sani ba, kuma taɓa saitin BIOS, wato saitin da ke cikin allon na'urar wanda ke tashi kafin Windows, na iya sa ta nemi makullin. Yakan kasance a ajiye a asusunka na Microsoft. Kwafe shi a takarda kafin ka taɓa komai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne direbobi, ƙananan manhajojin da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da kowane sashe na na'urar. A wasu laftof masu guntun Intel na baya-bayan nan, za ka iso wurin zaɓen ma'adana ka tarar da jerin babu komai, kamar an sace SSD ɗin. Tana nan, direbanta ne babu a filashin. Ni kuwa na Wi-Fi ne ya taɓa kama ni. Ina yi wa ƙanwata sabuwar laftof ɗinta da dare, na goge komai, girkawa ta tafi lafiya har inda Windows ta ce sai an haɗa ta da intanet kafin ta ci gaba. Jerin hanyoyin sadarwa wayam, na'urar ba ta da ramin igiyar intanet, ita kuma tana tsaye a kaina tana cewa, "Yaya, ba dai ka lalata min ita ba?" Zufa ta karyo min. Abin da ya fitar da ni shi ne wayata: na haɗa ta da igiyar caja, na kunna raba data ta USB, Windows ta ɗauke ta a matsayin layin intanet, ta sauko da direban da kanta. Tun daga ranar, kafin in goge kowace kwamfuta sai na fara shiga shafin kamfaninta na sauke direban Wi-Fi da na ma'adana, na ajiye su a filashin da zan yi girkawar da shi.