Wayar tangaraho da daular Ingila: yadda aka ɗaure nahiyoyi da zaren tagulla

Har yau muna cewa "gidan waya", muna cewa "na buga masa waya", alhali abin da ke hannunmu ba shi da ko zare ɗaya. Kalmar ta girmi salula, ta girmi tarho. Asalinta waya ce ta gaske, ta ƙarfe, wadda aka ja bisa turaku a tudu, aka kuma shimfiɗa a ƙasan teku, domin Landan ta riƙa jin abin da ke faruwa a ƙasashen da ta mallaka. Ga wasu tambayoyi game da ita.

Mece ce wayar tangaraho, kuma yaya take kai saƙo?

Ba murya take ɗauka ba. Ma'aikaci ne yake danna wani ɗan maɓalli, wutar lantarki ta bi waya, a can ɗaya gefen a ji ƙwanƙwasa, gajera ko doguwa. Kowane harafi da nasa tsarin ƙwanƙwasar, mai karɓa ya saurara ya rubuta. Cooke da Wheatstone sun yi rajistar tasu na'urar a Ingila a 1837, Samuel Morse kuma ya aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore a 1844.

Me ya sa Ingila ta fi kowa matsuwa a kanta?

Tsoro ne, kuma Indiya ce ta koya mata shi. A zamanin gwamna Dalhousie, wani likita mai suna William O'Shaughnessy ya jagoranci jan waya ta dubban mil a cikin Indiya, ta haɗa Kalkata da Agra da Bombay da Madras da Peshawar. To a ranar 10 ga Mayu 1857 sojojin Indiya da ke aiki ƙarƙashin Turawa suka yi bore a Meerut, washegari suka shiga Delhi. Kafin ma'aikatan gidan wayar Delhi su gudu sai da suka buga gargaɗi zuwa Ambala, daga nan ya wuce Punjab. Cikin kwana biyu Turawan Lahore suka ƙwace bindigogin sojojin Indiya da ke barikinsu tun ba su motsa ba. Masu boren sun gane inda gizo ke saƙar, suka bi waya suna tsinkewa, ɗaruruwan mil.

Amma tsakanin Indiya da Ingila babu waya. Labarin bai isa Landan ba sai ƙarshen Yuni, bayan kusan mako shida yana tafe a jirgin ruwa da ta tudu. Gwamnati ta ga abu biyu a lokaci guda: inda waya take, ta ceci mulkinta, inda babu, tana zaune cikin duhu gidanta na ci da wuta. A ganina duk tarihin nan yana cikin wannan. Kusan kowane babban layi da aka ja daga baya, wata firgita ce ta haife shi.

Ta yaya waya za ta kwanta a ruwan gishiri ba ta mutu ba?

Sirrin yana jikin wata bishiya ta yankin Malaya da Borneo da Sumatra. Ƙaronta, wanda ake kira guta-faca, yana laushi a ruwan zafi, ya daskare in ya huce, kuma ruwan teku ba ya cin sa. Da shi ake lulluɓe zaren tagulla, a naɗe da igiya mai kwalta, sannan a yi masa sulke da wayoyin ƙarfe. Da haka aka haɗa Ingila da Faransa a 1851. Ba tsaga bishiyar ake yi a tari ƙaron ba, sare ta ake yi gaba ɗaya, kuma abin da ake samu a kowace ɗan kaɗan ne. Dazuzzuka sun ƙare a kan wannan, masu saran kuwa ba su taɓa aika saƙo ta wayar ba.

An sha kashi kafin a iya. Wayar Atlantika ta 1858 ta ɗauki gaisuwar Sarauniya Victoria ga shugaban Amurka Buchanan, kalma 98 cikin kusan awa 16, sannan ta mutu bayan 'yan makonni. Ta Bahar Maliya, wadda aka shimfiɗa a 1859 da 1860 cikin gaggawar neman Indiya, ta lalace ba ta yi aikin kirki ba, ga shi gwamnati ta riga ta yi wa masu hannun jari alkawarin riba, dole ta yi ta biya shekara da shekaru. Sai a Yulin 1866 jirgin Great Eastern, wanda ya fi kowane jirgi girma a zamaninsa, ya ja waya mai ɗorewa daga Valentia a Ayalan zuwa Heart's Content a Newfoundland. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, shi ya ƙera na'urar madubi mai gano wutar da ta raunana bayan doguwar tafiya.

Yaushe ta kai Indiya, kuma daga nan sai ina?

Tun 1865 ana iya aika saƙo ta ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Tekun Fasha zuwa Karachi, amma yana bi ta hannun ma'aikatan da ba su jin Turanci, yakan yi kwanaki, ya iso a hargitse. A 1870 aka sami hanya biyu: ta kamfanin Siemens da ta ratsa Jamus da Rasha zuwa Tehran, da kuma ta teku wadda attajiri John Pender ya ɗauki nauyi. Wannan ta tashi daga Porthcurno, wani ɗan lungu a gaɓar Cornwall, ta bi ta Fotugal, Jibralta, Malta, Iskandariyya, Suwez da Adan har Bombay. A kowane zango akwai samari zaune dare da rana suna karɓar saƙo suna sake buga shi gaba. Abin da ke cin mako shida ya koma na awoyi. A 1872 Pender ya haɗe kamfanoninsa suka zama Eastern Telegraph Company.

A shekarar ce kuma Ostareliya ta shigo. Waya ta zo ta Singafo da Java zuwa Darwin, Charles Todd kuma ya ja ta a tudu kimanin kilomita 3,200 ta tsakiyar hamada zuwa kudu, bisa turaku kusan 36,000. Garin Alice Springs daga tashar wayar nan ya samo suna. New Zealand ta biyo a 1876.

Me ake nufi da "jan layi"?

A taswirar wancan zamani ja ake shafa wa ƙasashen da Ingila ke mulka. Burin shi ne a sami waya da za ta zagaya duniya ba ta taɓa tudu ba sai a inda yake ja, don kada wata gwamnati ta saurara ko ta datse. Sandford Fleming na Kanada ya yi shekaru yana naci sai an ratsa Fasifik. An gama a ƙarshen Oktoba 1902: daga Bamfield a yammacin Kanada zuwa tsibirin Fanning, sai Fiji, sai Norfolk, inda ta rabu biyu zuwa Ostareliya da New Zealand. Da an yarda a yada zango a Hawaii da an rage wahala, amma Hawaii ba ja ba ce. Saboda haka aka ja guntu ɗaya mai tsawon fiye da kilomita 6,000 zuwa Fanning, tsibirin da Ingila ta riga ta kama tun 1888 domin wannan aiki.

Afirka fa?

Nan ma firgita ce ta jawo ta. A Janairun 1879 Zulu suka murƙushe rundunar Ingila a Isandlwana, labarin ya yi kusan mako uku kafin ya kai Landan. Kafin shekarar ta fita an ja waya daga Adan ta Zanzibar da Mozambik zuwa Durban. Yammacin Afirka ta sami tata a 1886, ta bi ta Bathurst, wato Banjul ta yau, da Saliyo da Gwalkwas zuwa Legas da Bonny. Daga Legas aka hau tudu da ita zuwa Jebba, ta kai Lakwaja, daga baya Zungeru inda Lugard ya kafa hedikwata. Lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, sarakunanmu da manzo a kan doki suke aika wasiƙa, abokin faɗansu kuwa yana magana da Landan. Mukan tuna bindigar Maxim idan ana maganar faɗuwar daular Usmaniyya ta Sakkwato, amma ba mu cika tuna wannan ba, kuma ya kamata.

Sudan ta nuna fuska biyu ta al'amarin. A Maris 1884 mutanen Mahadi suka tsinke wayar da ta haɗa Kartum da Masar, Gordon, janar ɗin Ingila da ke Kartum, ya koma aika takarda ta hannun 'yan saƙo har aka kashe shi a Janairun 1885. A 1898 kuma, a Fashoda, Kitchener na Ingila da Marchand na Faransa suka yi cirko-cirko a bakin Nilu. Kitchener yana da hanyar waya zuwa Alƙahira da Landan. Marchand ba shi da ita, sai da ya tura jami'insa ta hanyar da ke hannun Ingila kafin Faris ta ji daga bakinsa. Faransa ce ta janye. Akwai wasu dalilan, musamman ƙarfin jiragen yaƙi, amma Faransawa ba su manta ba, suka ja tasu wayar daga Brest zuwa Dakar a 1905.

Talaka ya mori wayar?

Da farko sam. A 1866 kalma 20 zuwa Amurka fam 20 ce, kuɗin da lebura zai yi watanni bai tara ba. Gwamnati da bankuna da dillalan auduga da kamfanin labarai na Reuters su ne masu ita. Wanda ya san farashin Liverpool yau yana sayen kaya a hannun manomin da bai sani ba. Sannu a hankali kuɗin ya sauko, 'yan ƙasa suka koyi aikin suka zama ma'aikatan waya, 'yan kasuwa suka shiga tambayar farashi, iyalai suka shiga aika labarin rasuwa da haihuwa, masu neman 'yanci kuma suka riƙa buga koke kai tsaye zuwa Landan, su tsallake gwamnan da ke kansu.

Da yaƙi ya zo, ta yi amfanin da aka yi zato?

Ta yi. A farkon shekarun 1890 kusan kashi biyu cikin uku na wayoyin tekun duniya na kamfanonin Ingila ne. A ranar 5 ga Agusta 1914, awoyi kaɗan da Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani jirgin Ingila ya tsamo wayoyin Jamus biyar a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa ya yanke. Jamus ta rama a Fanning da tsibiran Cocos, amma ma'aikatan Cocos sun riga sun yi kururuwa ta wayar iska, jirgin yaƙin Ostareliya mai suna Sydney ya zo ya ragargaza Emden, jirgin Jamus da ya kai harin. Rashin waya ya tilasta wa Jamus bin layukan wasu, a nan Ingila ta kama saƙon Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus, na Janairun 1917, wanda ke zuga Meziko ta yaƙi Amurka, ya kuma taimaka wajen shigar Amurka yaƙin.

Yau akwai saura?

Wayar iska ta Marconi ta karya farashi a ƙarshen shekarun 1920, aka haɗe kamfanonin wayar teku da na wayar iska na Ingila a 1929, a 1934 suka ɗauki sunan Cable & Wireless. Tashar Porthcurno yanzu gidan tarihi ce. Hanyoyin dai suna nan, tagulla ce ta koma zaren gilashi. Intanet tsakanin Turai da Asiya har yau ta Masar da Bahar Maliya take bi, tamu kuma tana bin gaɓar yammacin Afirka ta hau tudu a Legas. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kodebuwa, intanet ta yi rauni daga Laberiya har Najeriya, mutane suka tsaya a bankuna da wajen masu POS kuɗi ya ƙi fita.