Waiwaye: Yadda aka koma auna wurin aiki bayan an daɗe ana auna tsohon ma'aikaci

Duk ƙasar da ta taɓa shekarun ritaya sai ƙura ta tashi. A 2023 Faransawa sun cika tituna kan ɗaga su daga 62 zuwa 64. Sin ta fara nata a Janairun 2025, inda maza za su tashi daga 60 zuwa 63 cikin shekara 15. Kullum a kan lamba ake tsayawa, kamar jiya aka gano mutane na tsufa a bakin aiki.

Tun 1889 Jamus ta kafa fanshon tsufa a shekara 70, ta sauko da shi 65 a 1916. Amurka ta hana nuna wa mai shekara 40 zuwa 65 bambanci wajen aiki a 1967. Duk wannan tambaya ɗaya yake amsawa: yaushe mutum zai ajiye aiki?

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Finland ta 1981. A shekarar ne Cibiyar Lafiyar Ma'aikata ta ƙasar ta ɗauki ma'aikatan ƙananan hukumomi sama da 6,000, masu shekara 44 zuwa 58, ta yi ta bin sawunsu shekara da shekaru. Daga nan Juhani Ilmarinen da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin ƙarfin aiki, mai maki daga 7 zuwa 49. Tambayar farko ba ta da wuya: in ka ba ganiyar ƙarfinka maki 10, yau nawa za ka ba kanka? Sai a bi da cututtukan da likita ya tabbatar, da kwanakin hutun rashin lafiya, da ko kana ganin za ka iya wannan aikin nan da shekara 2.

An shiga ne da niyyar auna mutum, sai sakamakon ya nuna wani waje. Da aka sake duba mutanen bayan shekara 11, an sami waɗanda makinsu ya ƙaru duk da tsufa. Cikin abin da ya fi tafiya da ƙaruwar akwai gyaruwar halin shugabansu a wurin aiki, da raguwar aikin maimaita motsi ɗaya, da motsa jiki. Ashe ba duka laifin gwiwa da ido ba ne. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin tun daga nan wanda ke ɗora komai kan shekaru ya rasa madafa.

Sai dai ma'aunin da ke duba wurin aikin kansa ya jima bai zo ba. Wanda masu bincike a Jamus da Amurka suka haɗa, mai suna Later Life Workplace Index, yana duba fannoni 9, ciki har da shugabanci, tsarin aiki, kula da lafiya, da yadda tsoho ke miƙa ilimi ga na baya. Tun wajen haɗa shi bambancin ƙasa ya fito: fannin inshorar lafiya da fansho daga ɓangaren Amurka ya shigo, inda ma'aikaci ke dogaro da wanda ya ɗauke shi aiki, alhali a Jamus doka ta riga ta ɗauke wannan nauyin.

Japan ma da nata tsarin. Tun 2021 doka ke neman kamfanoni su yi ƙoƙarin riƙe mutum har shekara 70, amma ma'aikata da yawa ritaya ake yi musu a 60, a sake ɗaukar su da kwantiragi kan albashin da bai kai na da ba. A takarda, wannan ci gaba da aiki ne, kuma maki zai samu a irin wancan ma'aunin na wurin aiki. Shi kuwa dattijon tela da ke saka zare a allura da tabarau a kasuwar Kwari, ba shi da shugaban da za a tambayi halinsa, balle takardar da zai cike.