Burt Munro

Herbert James Munro, wanda duniya ta sani da Burt Munro (25 ga Maris 1899 zuwa 6 ga Janairu 1978), bakanike ne kuma ɗan tseren babur daga ƙasar Niyu Zilan. Ya yi suna ne da wani tsohon babur ƙirar Indian Scout na 1920, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana kwance shi yana ɗaurawa, yana ƙera masa kayan gyara da hannunsa, har ya kafa tarihin gudu da shi sau uku a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka. Lokacin da ya kafa na ƙarshe a 1967 yana da shekara 68, babur ɗin kuma yana da 47.

Tasowarsa

Ya tashi a gonar iyayensa a Edendale, kusa da birnin Invercargill a can ƙarshen kudancin ƙasar. Noma bai shiga ransa ba. Ya yi aiki a haƙar ramin jirgin ƙasa na Otira, daga baya ya ƙetara Ostireliya inda ya shiga tseren babura, sai karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930 ta dawo da shi gida. Ya zama mai sayar da babura, yana kuma gyaransu. Da rana yana neman abin sawa a baka, da dare yana kan nasa babur ɗin, wani lokaci har gari ya waye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aurensa ya mutu, ya ajiye aiki, ya koma zama a cikin garejinsa a Invercargill, gado a gefe guda, kayan aiki a ɗaya gefen.

Babur ɗin da yadda ya sāke shi

Kamfanin Indian na garin Springfield a jihar Massachusetts ne ya ƙera Scout ɗin. Munro ya saye shi sabo a 1920, yana cikin na farko-farkon da suka fito daga masana'anta. Injinsa mai silinda biyu ne, girmansa wajen cc 600, kuma iyakar gudunsa kilomita 89 a awa, wato mil 55. Babur ne na zuwa kasuwa da ziyara, babu wanda ya yi shi don tsere. A 1926 Munro ya fara taɓa shi.

Babban abin da ya canza shi ne wurin zaman bawul, wato ƙofofin da iska da mai ke shiga silinda, hayaƙi kuma ya fita. A ƙirar asali bawul ɗin suna gefen silinda, don haka iska da mai sai sun yi kwana kafin su shiga, hayaƙi ma sai ya yi kwana kafin ya fita, inji ba ya shaƙar iska yadda ya kamata. Munro ya ƙera sababbin kawunan silinda, ya mayar da bawul ɗin sama. Kam biyun da ke buɗe su ya mayar da su huɗu, kowane bawul da nasa, domin ya iya saita lokacin buɗewa da rufewar kowanne shi kaɗai. Da magagari yake goge su har su ba shi siffar da yake so. Sannu a hankali ya riƙa faɗaɗa injin, daga cc 600 zuwa 850, zuwa 920, har 950.

Ba shi da kuɗin odar kaya, kuma ko da yana da su, babu kamfanin da ke ƙera abin da yake nema. Silindoji ya yanko su daga tsofaffin bututun ƙarfe na iskar gas da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa. Kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kirankishaf, ya sassaƙo ta daga aksul ɗin tarakta ƙirar Caterpillar, aikin da ke cin watanni. Fistin kuwa narka tsofaffi yake yi ya zuba a gwangwani ko a cikin yashi, kusan yadda masu zubin tukwanen alminiyam suke yi, sannan ya ɗora a injin sassaƙa ƙarfe ya daidaita. Ya ƙera fulawil da kansa, ya gyara kuloci da hanyar zagayawar baƙin mai, ya mayar da injin mai shan metanol, wani nau'in man tsere, maimakon fetur. An ruwaito cewa har ƙurajen taya yakan fere da wuƙa, saboda a irin wannan gudu roba mai kauri tana iya ɓallewa daga jikin tayar.

Injin ya sha fashewa, kuma hanyar koyonsa ke nan: ya gwada, abu ya karye, ya duba inda ya karye, ya sāke ƙera wanda ya fi shi ƙarfi. Fistocin da suka narke da sandunan da suka karye bai zubar da su ba, jera su ya yi a kan kanta a garejin. Idan aka bi diddigi, a ƙarshe abin da ya rage na kamfanin Indian a cikin injin kaɗan ne ƙwarai, kuma da an ce babur ɗin ƙirar Munro ne ba a yi ƙarya ba. Sunan da ya raɗa masa ma ke nan, Munro Special. Yana da wani babur ɗin na biyu, Velocette MSS na 1936, shi ma ya sha irin wannan hannu.

Tarihin da ya kafa

A gida ya fara, a 1938. A 1940 ya yi kilomita 194 a awa a kan titi, tarihin da ya shekara 12 ba a karya ba. A 1957 ya yi kilomita 213 a kan yashin gaɓar teku ta Oreti, kusa da Invercargill. Daga nan Niyu Zilan ta yi masa kaɗan, don babu fili mai tsawon da babur ɗin zai saki jiki.

Bonneville busasshen tafki ne a jihar Utah, shimfiɗaɗɗen gishiri fari fat, inda masu neman tarihin gudu ke taruwa duk watan Agusta. Wurin yana da tudu, sama da mita 1,200 daga teku, iskarsa ba ta da kauri, saboda haka saitin kabireta na bakin teku ba ya aiki a can. Sannan gudu ɗaya ba ya zama tarihi, sai an yi biyu an ɗauki matsakaici, wato dole injin da aka haɗa da hannu ya jure sau biyu. Munro ya je sau 10, na farko don ya gane wa idonsa kawai. Ya lulluɓe babur ɗin da ƙwarya mai siffar kifi don ya tsaga iska, shi kuma yana kwance rub da ciki a cikinta.

A 1962 ya kafa kilomita 288 a awa a rukunin cc 883. A 1966 ya kafa kilomita 270.5 a rukunin cc 1,000. Ranar 26 ga Agusta 1967 ya yi kilomita 295.45 a rukunin ƙasa da cc 1,000, bayan ya taɓa 305.9 a gudun share fage. Ƙwaryar tana da halin rawa idan gudu ya yi gudu. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya taɓa ɗago kai don ya rage gudu, iska ta fizge masa tabarau, ya daina gani, babur ya kwanta da shi a kan gishiri.

A 2014, shekara 36 bayan mutuwarsa, ɗansa ya gano kuskure a lissafin 1967, Ƙungiyar Masu Babura ta Amurka ta gyara adadin zuwa kilomita 296.26, wato mil 184.087. Ana yawan cewa ba a karya wannan tarihi ba har yau. Haka ne, amma a rukuninsa na babura masu ƙwarya ƙasa da cc 1,000 a kundin wannan ƙungiya. A wasu rukunan akwai babura na zamani masu irin girman da suka wuce shi.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, tun ƙarshen shekarun 1950. A 1977 ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai ya sayar da baburansa biyu ga abokinsa Norman Hayes, kuma har yanzu ana nuna su a kantin kayan ƙarfe na E Hayes and Sons a Invercargill. Ya mutu a farkon 1978. A 2005 aka yi fim kan rayuwarsa, The World's Fastest Indian, inda Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa. A 2006 aka sa sunansa a zauren gwarazan babura na Amurka, a shekarar kuma aka fara gasar Burt Munro Challenge a yankin Southland, wadda ke tara mahaya daga ciki da wajen ƙasar.