Hawan dutse cikin dusar ƙanƙara: tambayoyin ɗan ƙanwata

Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Sikotlan, a arewacin Birtaniya. Tun bai bar Katsina ba ya ga hotunan ɗalibai a kan duwatsu farare fat, ya ƙwallafa rai sai ya hau. Da yake na yi hunturu biyu a can, ya same ni a zaure bayan la'asar da tambayoyinsa, ni kuma na amsa masa tsakani da Allah, don ina tsoron abin da rashin sani ke jawowa.

Kawu, na saba da jaura, na kuma hau duwatsun Dutsin-Ma. Me zai gagare ni?

Sanyinmu busasshe ne, ka ja bargo ka zauna bakin wuta ya wuce. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga iska mai ture ƙato. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, Ben Nevis kuwa, dutsen da ya fi tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne. Zafin jikinka digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, sai karkarwa, harshe ya yi nauyi, hankali ya soma gushewa mutum bai sani ba. Saboda haka ka bar singiletin auduga a gida, domin in ta sha gumi ba ta bushewa. Rigar ulu ko ta yadin roba za ka sa daga ciki, ka ɗora mai kauri, ka rufe da wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Safar hannu saiti biyu, ko ɗaya zai jiƙe.

Wane kayan aiki ne dole?

Takalmi mai tauri, da ƙarafa masu haƙora 10 ko 12 da ake ɗaura masa a ƙasa, ana ce musu kirampon, sai gatarin ƙanƙara. Amma sayen gatari ba shi ne iya shi ba. Ranar farko malamin da ya koya mana hawan dutse ya kai mu gangare marar haɗari, ya sa muka yi ta zamewa da gangan: a rigingine, a rub-da-ciki, har da kai a ƙasa. Kana zamewa za ka juya kan cikinka, ka kafa tsinin gatarin kusa da kafaɗa, ka danne shi da ƙirji, ka ɗage ƙafafu sama. In haƙoran takalmi suka cafki ƙanƙara kana cikin gudu, wuntsilawa za ka yi ko idon sawu ya karye. Na maimaita har dusar ta cika min wuya kafin hannuna ya riga tunanina.

To ai akwai taswira a waya.

Sanyi na cinye batir nan da nan. Ka tuna hazon da ke rufe hanyar Daura har direba ya kunna fitila da rana? Can in gajimare ya sauko kan dusa, sama da ƙasa fari ɗaya ne, ba ka gane tudu daga rami. Ga kuma dusar da iska ke tarawa ta leƙo bakin dutse kamar indararo, ƙarƙashinta wayam. Dole ka iya taswirar takarda da kamfas, wato na'urar da ke nuna gabas da yamma, ka san taku nawa kake yi a mita 100. A Nuwambar 1971 'yan makaranta biyar da wata mai taimaka wa jagorarsu sun rasu a tudun Cairngorm bayan guguwar dusa ta rutsa da su a fili.

Zaftarewar dusa fa?

Ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman bayan sabuwar dusa da iska. Wanda ta binne, in aka wuce minti 15 ba a tono shi ba, fatan samunsa da rai na raguwa ƙwarai. Akwai hukuma a Sikotlan da ke fitar da hasashen wannan haɗari kullum a lokacin sanyi. Ka karanta kafin ka fita, in ya yi muni ka fasa.

A ina zan koya?

Glenmore Lodge kusa da garin Aviemore na koyar da wannan, jami'o'i da yawa kuma suna da ƙungiyar masu hawan dutse. Kada ka fara kai kaɗai, ɗana.

Sallah fa, Kawu?

A Disamba yininsu bai fi awa bakwai ba, wajen ƙarfe huɗu duhu ya shigo, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa. Ka fita da alwala, ka kuma je wurin malaminka kafin tafiya ya karantar da kai hukuncin shafa a kan huffi da taimama. Ka sa tocilar goshi da dabino da fulas ɗin shayi a jaka, ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka. In wani abu ya faru, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceton kan dutse kake so.