Turtles Can Fly (fim na 2004)

Turtles Can Fly fim ne cikin harshen Kurdanci wanda Bahman Ghobadi, Bakurde ɗan ƙasar Iran, ya rubuta kuma ya ba da umarni. Ya fito a 2004, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin fim na farko da aka ɗauka a Iraƙi bayan faɗuwar gwamnatin Saddam Husaini.

Labari

Labarin ya gudana ne a sansanin 'yan gudun hijira da ke kan iyakar Iraƙi da Turkiyya, gab da mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003. Jagoran yaran sansanin wani yaro ne mai kimanin shekara 13 da ake yi wa laƙabi da Satellite, saboda shi ke ɗaura wa mutane eriya su kama labarin yaƙi. Shi ne kuma ke rarraba yara gonaki su tono nakiyoyin da aka binne a sayar. Da yawansu sun riga sun rasa hannu ko ƙafa.

Nauyin fim ɗin yana kan Agrin, marainiya daga Halabja, garin da aka kai wa harin iskar guba a 1988. Ta iso tare da ɗan'uwanta Hengov, wanda ba shi da hannu ko ɗaya, da wani yaro makaho mai suna Riga. Mutanen sansani sun ɗauka ƙaninta ne, alhali ɗanta ne, wanda ta haifa bayan sojoji sun yi mata fyaɗe. Agrin ba ta shiga cikin yara, ba ta kula Satellite da ke sonta, ta kuma yi ta neman hanyar rabuwa da Riga. Daga ƙarshe ta nutsar da shi a ruwa, ita kuma ta faɗa daga kan dutse.

Shiri

Yaran da suka fito ba ƙwararrun 'yan wasa ba ne, a yankin aka samo su. Hossein Alizadeh ne ya tsara kiɗan.

Karɓuwa

Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na San Sebastián a ƙasar Sifen a 2004, ya kuma sami lambar yabo a Berlin a 2005. Masu sharhi sun saɓa kan matsayinsa game da mamayar Amurka.